Yadda aka koya mana auna dusar ƙanƙara da tono wanda ta binne

Ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a Grenoble, can gabashin Faransa a gindin tsaunukan Alp. Ranar da ya zo yi mini sallama a nan Yamai, muna bakin ƙofa ana jiran shayi na biyu, ya ce: "Kawu, wai da gaske ne dusar ƙanƙara tana binne mutum da ransa? Ni a hoto kamar auduga nake ganinta." Na ce masa da gaske ne, kuma na yi masa alkawarin zan rubuta yadda horon kwana biyu da na yi a can ya gudana, daki-daki. Ba don shi kaɗai ba. Akwai ɗalibanmu da abokai za su ja su yawon dutse ranar Lahadi, akwai masu aikin hunturu a otal-otal na wuraren wasan siki, wato sulu a kan dusa, akwai kuma waɗanda suka fi ba ni tsoro, masu tsallakawa da ƙafa daga Italiya zuwa Briançon, garin Faransa da ke kusa da iyaka, cikin dare.

Horon na wata ƙungiyar masu hawan dutse ne, cikin watan Janairu, mu takwas da malami ɗaya. Bai fara a kan dutse ba. Ya fara ne da yammar jajibiri, kowa da wayarsa a hannu, saboda wajen ƙarfe huɗu na yamma hukumar yanayi ta Météo-France take fitar da sanarwar hatsarin zaftarewar dusa ta washegari, kowane rukunin tsaunuka da tasa. Ma'aunin mataki biyar ne, ƙasashen Turai suka amince da shi tun 1993: 1 kore, 2 rawaya, 3 ruwan lemu, 4 ja, 5 ja da baƙi. Sanarwar tana magana ne a kan dajin dutse, wato wajen hanyoyin siki da ma'aikata suke gyarawa suna tsaro. Da ka tsallake igiyar da ta yi wa hanya iyaka, ko da taku goma ne, ka shiga inda sanarwar take nufi.

Kuskuren farko da kusan dukanmu muka yi shi ne ɗaukar 3 a matsayin tsaka-tsaki, kamar ɗalibin da ya ci rabin maki. Ba haka ba ne. Kusan rabin waɗanda dusa take kashewa a tsaunukan Alp a ranar mataki na 3 suke mutuwa. A mataki na 4 da na 5 mutane suna jin tsoro su zauna gida. A na 3 kuwa rana ta fito, sama ta yi fes, dusa sabuwa tana ƙyalli, sai kowa ya fita. Mu da muka taso a Sahel idonmu ya saba da cewa hatsari yana zuwa ne da baƙin hadari daga gabas, in gari ya washe an tsira. A can, rana ta farko mai haske bayan an sha zubar dusa tana cikin ranakun da suka fi cin mutane.

Saboda haka malamin ya hana mu tsayawa a kan lambar. Ya sa muka karanta sauran takardar muka amsa tambayoyi a rubuce: daga wane tsayi hatsarin yake ƙaruwa, gangaren da suke fuskantar wace nahiya ne abin ya fi shafa, santimita nawa ta zuba cikin kwana uku, iska daga ina ta kaɗa kuma da wane ƙarfi, sannan wace irin matsala ce. Matsalolin biyar ne a tsarin Turai: sabuwar dusa, dusar da iska ta tara, raunanniyar shimfiɗa da ta daɗe a binne, jiƙaƙƙiyar dusa, da dusar da take sulɓewa gaba ɗayanta a kan ciyawa ko santsin dutse. Tamu ta wannan rana ita ce mataki na 3 sama da mita 1,800, dusar da iskar yamma ta tara, a gangaren da ke kallon arewa da gabas.

Daga nan sai taswira. Ana aiki da mai ma'aunin 1:25,000, kuma abin da ake nema shi ne karkatar gangare, domin mafi yawan zaftarewar da ke kisa tana tashi ne daga gangare mai digiri 30 zuwa 45. Ƙasa da 30 da wuya dusa busasshiya ta tashi. Wanda ya fi 50 kuma ba ya riƙe dusa da yawa, tana zubewa kaɗan-kaɗan tun tana sauka. Da ƴar rula ake aunawa: in tazarar da ke tsakanin layuka biyu na taswirar da ke nuna tsayin ƙasa, masu bambancin mita 100, ta kai milimita 7 a takarda, gangaren digiri 30 ne, milimita 6 kusan 35, milimita 5 kusan 40, milimita 4 kuwa 45. Taswirar hukuma ta intanet tana shafa wa waɗannan wurare launi, rawaya daga 30, ruwan lemu daga 35, ja daga 40. Akwai ƙa'idar da Werner Munter, jagoran dutse ɗan ƙasar Suwizalan, ya yaɗa: a mataki na 2 kada a hau abin da ya kai digiri 40, a na 3 kada a kai 35, a na 4 kada a kai 30. Mu sababbi an rage mana: a mataki na 3 mu tsaya ƙasa da 30.

Abin da ya fi shiga kaina shi ne ba inda ƙafarka take kawai ake aunawa ba, har da abin da ke samanka. Mutumin Adar ba ya shimfiɗa tabarma cikin ƙorama da damina ko da sama ta yi tas, don ya san ruwan da zai cinye shi a wani gari aka yi shi. Kwarin dutse haka yake. Kana tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, amma gangaren da ke bisa kanka in ya saki, nan zai juye. Ranar 9 ga Fabrairu 1999, a Montroc kusa da Chamonix, mutum 12 suka mutu cikin gidajensu. Makonni biyu bayan haka, ranar 23 ga wata, a Galtür ta ƙasar Ostiriya, 31. Kafin su, ranar 10 ga Fabrairu 1970, dusa ta faɗa wa wani masaukin matasa a Val d'Isère ana karin kumallo ta kashe 39, kuma wannan ne ya sa aka kafa ƙungiyar nazarin dusa da zaftarewarta ta ANENA a Grenoble a 1971. Muka zana hanyarmu, muka sa alama a wurare biyu da za mu tsaya mu yanke shawarar ci gaba ko juyawa, muka zana hanya ta biyu ta cikin itatuwa, muka faɗa wa wani da ke gida lokacin da ya kamata mu dawo.

Da safe, a wurin ajiye motoci, kafin kowa ya ɗaga ƙafa, aka duba kaya uku da ba a fita ba tare da su ba. Na farko na'urar neman wanda aka binne, Faransawa suna ce mata DVA, girmanta kamar waya mai kauri. Kowace irinta a duniya a kan zango ɗaya take aika sauti, kilohaz 457, shi ya sa ta kowane kamfani take jin ta wani. Tana da hali biyu, aikawa da nema. Duk tafiyar a kan aikawa take, ɗaure a ƙirji ƙarƙashin babbar riga, ba a cikin jakar goyo ba, domin dusa tana fizge jaka ta jefar da ita nesa, sai a ɓata minti biyar ana tono jaka. Waya da duk abin lantarki ko mai maganaɗisu a nisanta su da ita aƙalla santimita 20 in tana aikawa, santimita 50 in ana nema, in ba haka ba lambobin nisa da take nunawa su rikice. Batir ɗin alkalin ake sa mata, kuma in ya sauka wajen rabi a canza. Malamin ya sa tasa a kan nema muka wuce gabansa ɗaya-ɗaya, ya tabbatar kowa yana aikawa, sannan ya mayar da tasa aka tabbatar shi ma. Na biyu sandar caka, wadda ake caka wa dusa a gano inda mutum yake, mai gaɓa-gaɓa da igiyar ƙarfe a ciki, tsawonta mita 2.4 ko fiye, ana wurga ta a ja igiyar ta haɗe. Na uku shebur na ƙarfen alminiyam mai ƙota da ake zarewa. Na roba yana lanƙwashewa ko ya karye a dusar da ta zafto. Akwai jaka mai balan-balan da ake ja ta kumbura ta taimaka wa mutum ya zauna a sama-sama, tana rage yiwuwar binnewa, amma ba ta maye gurbin ko ɗaya cikin ukun nan.

Muka ɗaura faffaɗan takalman tafiya a kan dusa muka kama hawa. A gangaren farko aka koya mana aunawa da sandunan dogarawa biyu masu tsayi ɗaya. Ka kwantar da ɗaya a kan dusa ta miƙe da gangaren, tsininta a sama, mariƙinta a ƙasa, ta bar shaida. Ka ɗaga mariƙin ba tare da tsinin ya motsa ba, ka haɗa shi da mariƙin ta biyu, ka bar ta biyun tana lilo har ta tsaya. In tsininta ya sauka daidai ƙarshen shaidar, digiri 30 ne. Kowane santimita 10 da ta wuce ƙasa, ka ƙara digiri 3. Ido yana yaudara ƙwarai a nan: gangaren da ka fuskanta gaba da gaba yana yi maka kamar bango, wanda kake tsaye a kansa kuma yana yi maka kamar ba kome. Mu takwas muka ƙiyasta da ido kafin a auna, amsoshinmu suka tashi daga 20 zuwa 40. Ya fito 28.

Aikin iska shi ne abin da ɗan Nijar zai fi saurin ganewa, in dai ya taɓa hawa tudun rairayi. Gefen da iska take bugawa a daddale yake, da tauri. Bayan tudun kuma, inda take sauke abin da ta kwaso, da laushi da tsayi, ka taka ya zubo. Dusa ma haka iska take kwashe ta daga wannan fuska ta jibge a waccan, ko da ba a yi sabuwar zuba ba, kuma tana farfasa ƙwayoyinta su matse su zama falle guda mai haɗe da juna. Alamominta a fili suke ga wanda aka nuna wa: leɓen dusa da ya zazzago a kan tozon dutse yana nuna gefen da aka jibge, saman dusa mai tsagi-tsagi kamar rairayin bakin kogi, wuri mai fari dusu-dusu marar ƙyalli, ƙura fara tana tashi a ƙololuwa kamar hayaƙi. Sai alamomi uku da aka ce in mun ga ɗaya kada mu yi gardama: zaftarewar da ta faru kwanan nan a gangare irin namu, tsaga da ke gudu daga bakin takalminka, da wani sauti mai nauyi, "wum", da ake ji a ƙafa kafin kunne, dusa ta ɗan nutse da kai. Wannan sautin shimfiɗar ƙasa ce ta rufta, iskar cikinta ta fita.

A wani ɗan gangare gajere mai kallon arewa, wanda babu kome a samansa, muka haƙa rami har ƙasa. Zurfin dusar santimita 120 ne. Aka gyara bangon ramin da shebur ya yi sumul, aka share shi da safar hannu, sai shimfiɗu suka bayyana kamar yadda mai haƙar rijiya yake ganin yashi, laka, tsakuwa, kowace da zamaninta. Kowace zuba ta bar tata, kuma kowace ta ci gaba da canzawa bayan an binne ta. Taurin kowace ana gwada shi da abin da zai iya shiga cikinta ba da ƙarfi ba: dunƙulen hannu, yatsu huɗu, yatsa ɗaya, fensir, wuƙa. Santimita 40 na sama yatsa ɗaya ne, wato falle mai ɗan tauri da iska ta yi. Ƙarƙashinsa akwai wata siririya, ba ta fi kaurin yatsu biyu ba, da dunƙulen hannu yake shiga; ka ɗebo ta ta zube tsakanin yatsu kamar sukari, ba ta dunƙuluwa ko ka matse. Ita ce ake tsoro.

Yadda take samuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa kusan kullum tana wajen digiri 0, alhali saman dusar a daren da babu gajimare yana iya sauka zuwa 15 ko 20 ƙasa da sifili. In bambancin ya wuce digiri 1 a kowane santimita 10, tururin ruwa yana tashi daga ƙwayoyin ƙasa masu ɗumi ya daskare a jikin na sama, sai ƙwayoyin su rasa ƴan hannuwan da suke riƙe juna da su, su zama masu kusurwa, daga baya ma su zama kamar ƙananan kofuna. Mun sa ma'aunin zafi kowane santimita 10 muka rubuta, muka duba ƙwayoyin a kan baƙin faranti da gilashin ƙara girma. Abin da ya biyo baya ya saɓa wa tunanin baƙo: shekarar da dusa ta yi ƙaranci a farkon hunturu, aka yi sanyi mai tsanani da sama fes, ita ce take gina mugun tushe, domin siririyar dusa ta fi samun wannan bambancin zafi. Haka ma raɓar da take daskarewa a saman dusa ta yi kamar gashin tsuntsu, in sabuwar zuba ta rufe ta, tana iya zama a binne makonni tana jira, musamman a gangaren arewa da rana ba ta taɓawa. Ka watsa gero a kan daɓen siminti mai gangara, ka shimfiɗa tabarma a kai, ka taka. Tabarmar ita ce fallen, geron shi ne raunanniyar shimfiɗa, ƙafarka kuma ita ce abin da ya rage. A cikin hatsari goma, wajen tara wanda abin ya ci ko wani a cikin tawagarsa ne ya tayar da shi.

Sai gwajin bugu. Da zarto muka yanke ginshiƙi mai faɗin santimita 30 kowane gefe, muka raba shi da sauran dusar ta ko'ina, aka ɗora bakin shebur a kansa. Bugu goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. Namu ya karye a bugu na 13, karaya mai santsi, fallen ya zamo gaba kamar an ja aljihun tebur. Muka sake da mai faɗin santimita 90, ana bugun gefe ɗaya, don a ga ko karayar za ta gudu zuwa ɗaya gefen. Ta gudu, a bugu guda. Malamin ya ja kunnenmu cewa rami ɗaya labarin wuri ɗaya yake bayarwa, mita 20 gaba abin yana iya bambanta. Saboda haka in gwaji ya ce akwai hatsari a yarda da shi, in ya ce babu kada a ɗauke shi izini. Na yi lissafin nauyin a takardata: falle mai mita 50 a tsaye, 50 a kwance, kauri rabin mita, a kilo 200 kowane gunduwa mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, tan 250 ke nan, buhun siminti 5,000. Kuma masana dusa suna kiran wannan matsakaiciyar zaftarewa. A wurin tsayawarmu na farko muka bar hanyar tozo muka bi ta cikin itatuwa, da tazarar mita 10 tsakanin kowane mutum biyu inda ya ɗan yi tsayi, kuma inda aka ratsa buɗaɗɗen wuri ɗaya-ɗaya aka wuce, sauran suna kallo daga inda babu abin da zai same su.

Rana ta biyu gaba ɗayanta ta ceto ce, kuma dalilin lissafi ne. Wanda dusa ta rufe shi ruf, in bai mutu da buguwa da dutse ko itace ba, in aka fito da shi cikin minti 15 na farko, fiye da tara cikin goma suna rayuwa. Zuwa minti 35 abin ya faɗo wajen uku cikin goma. Malamai yanzu ma cewa suke a sa minti 10 a rai. Abin da ke kisa galibi shaƙewa ce: dusa ta toshe baki da hanci, ko numfashin mutum ya narkar da ta gaban fuskarsa ta daskare ta zama kwano, ya yi ta shaƙar iskar da ya fitar. Dusar da ta zafto da ta tsaya take ƙamewa, wanda ke ciki ko yatsa ba ya iya motsawa. Jirgi mai saukar ungulu na jandarmomin dutse, kafin a kira, ya tashi, ya gano wurin, sau da yawa lokacin ya wuce, in ma yanayi ya bar shi ya tashi. Wanda zai tono ka shi ne wanda kuka fito tare.

An binne jakunkuna masu na'ura a ciki a wani fili da aka tattake, aka sa mana agogo. Tsarin haka yake. Mutum ɗaya ya zama shugaba, ya ƙirga waɗanda suka ɓace, ya duba ko akwai sauran dusa a sama da za ta iya biyowa, ya sa wani ya kira lambar gaggawa 112 ya faɗi wuri da adadin mutane. In kai kaɗai ne kuma waya ba ta kamawa, kada ka tafi neman inda take kamawa, ka fara neman wanda aka binne. Kowa ya juya na'urarsa zuwa nema. A zagayenmu na farko mutum ɗaya ya manta tasa a kan aikawa, muka yi minti biyu muna bin ɗan'uwanmu da ke tsaye yana yawo. Wannan kuskure yana faruwa a hatsarin gaske, shi ya sa shugaba yake faɗa da ƙarfi ya kuma duba.

Ana fara nema daga inda aka ga mutumin na ƙarshe, a gangara, ana ratsa filin da sauri a jere-jere, tazarar da kamfanin na'urar ya faɗa, galibi mita 40 zuwa 50 tsakanin layi da layi, ido kuma yana neman safar hannu ko sanda ko ƙafa da ta leƙo. Da sauti ya shigo, a bi kibiyar da na'urar take nunawa. Ba miƙaƙƙiyar hanya take nunawa ba, lanƙwasa take, kuma in lamba tana ƙaruwa to baya ka ba shi, ka juya. Daga mita 10 a rage sauri. Daga mita 3 a durƙusa, na'ura dab da dusa, kada a juya ta ko kaɗan, a ja ta gaba har lamba ta yi ƙasa ta fara hawa, a dawo inda ta fi ƙanƙanta, a yi haka hagu da dama, a sa alama. Lambar da ta rage tana nuna kusan zurfin mutumin. Sababbi a nan suke ɓata lokaci suna neman bambancin santimita 10, alhali aikin sanda ne. Ana caka ta a miƙe da fuskar gangaren, ba a miƙe da sama ba, daga alamar a yi ta zagayawa waje, santimita 25 tsakanin caka da caka. Dutse yana ƙara, ƙasa tana riƙe tsini, jikin mutum kuwa yana da ɗan laushi mai turowa. An sa mun caki jaka, mun caki cinyar malamin da ya kwanta a wani kogo da aka haƙa, don hannu ya san bambancin. In ta taɓa, a bar ta a tsaye a wurin, kada a zare.

Tono shi ne ya fi cin lokaci, fiye da nema da caka a haɗe, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Mutumin da ke zurfin mita ɗaya sai an kwashe dusa tan ɗaya ko fiye kafin a kai gare shi. Ba a tono daga sama kamar rijiya: tsayawa a kansa yana rushe ƴar iskar da ta rage masa, kuma rami mai zurfi ba ya barin a fitar da dusa ko a juya mutum. Ana ja da baya zuwa gangare, tazarar zurfin sau ɗaya da rabi daga sandar, a shiga ta gefe kamar bakin rumbu. Masu tono su jeru kamar tsinin kibiya, ɗaya a gaba yana sara dusar gunduwa-gunduwa, na baya suna share ta ƙasa kamar masu tuƙa kwalekwale, ba a ɗaga ta sama a jefa. Kowane minti biyu zuwa huɗu na gaba ya koma baya wani ya shiga, tun kafin ya ce ya gaji, domin ba zai faɗa ba. Wanda ya yi noman gayya ya san wannan tsari. Da an ga jiki, a gane ina kai yake, a nufe shi da hannu, a lura ko akwai ɗan fili a gaban fuska da ko baki a toshe yake, don likita zai tambaya, a share baki da hanci. In ba ya numfashi a hura masa sau biyar sannan a fara danna ƙirji. In yana numfashi kada a tsayar da shi, kada a murza masa hannu da ƙafa, a bar shi a kwance a raba shi da dusa da jaka ko riga a lulluɓe shi, domin jinin gaɓoɓi mai sanyi in ya koma zuciya farat ɗaya yana iya tsayar da ita.

Zagayenmu na farko ya ci minti 19, jakar tana zurfin mita ɗaya da ƴan kai. Na huɗu ya ci 9. Ba ƙarfi muka ƙara ba, ai mun gaji. Surutu ne ya ragu, an haɗa sanduna da shebur tun mai nema bai gama ba, kuma babu wanda ya ajiye safar hannu ko jaka a filin da za ta rikita masu nema. An kuma faɗa mana abin da mutum zai yi in shi abin ya ɗauka: ya yi ihu, ya nufi gefe, ya saki sanduna, ya ja balan-balan in yana da ita, in ya ji gudun yana raguwa ya kai hannuwa gaban fuska. Malamin bai ɓoye mana ba cewa falle yana kai gudun mota cikin daƙiƙu kaɗan, kuma yawancin mutane ba sa samun yin ko ɗaya.

Game da masu tsallakawa daga Italiya zuwa Briançon ta mashigin dutse na Échelle, mai tsayin mita 1,762, ko ta Montgenèvre, kimanin 1,850, wuraren nan ba su kai dutsen Bagzan namu tsayi ba, amma duk abin da na lissafa a sama babu ko ɗaya a hannunsu: dare ne ba a ganin abin da ke sama, ana kauce wa hanya a bi kwari, ga takalmin kanti da wandon jin da ke jiƙewa ya daskare. Wanda ya san wani da ke da wannan niyya ya gaya masa lambar 112 kyauta ce, tana shiga ko babu kuɗi a waya, kuma ya sa wayar a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi yana cinye batir cikin ɗan lokaci.

Kai kuma ɗana, kafin ka bi kowa zuwa dajin dutse, ka tambaye shi mataki nawa aka sanar yau, da ina sandarsa da sheburinsa, da yaushe rabonsa da gwada tono. Ƙungiyoyin hawan dutse na jami'a da na gari suna shirya irin wannan horo a farkon kowane hunturu, kuma ana ba da hayar kayan uku a shagunan wasanni in ba ka da kuɗin saye. In ka sayi na'urar taka, ka cire mata batir idan hunturu ya ƙare, kada ya zubo ya ci ƙarfen cikinta.